Geron Yelwa

Litinin, 20 ga Mayu, 2024

Yau na rubuta jarrabawar ƙarshe. Na zaci zan ji wani abu mai girma a ƙirjina, amma yunwa kawai na ji. 'Yan ajinmu suna ta zane rigunan juna da alƙalamin maka, ni kuwa farar rigata ɗaya ce tal, sai na zame ta bayan ɗakin karatu na dawo.

A ƙofar gida na tarar da Alhaji mai gidan hayarmu. Ya yi mini barka, barkar ba ta huce ba ya ce yana son ɗakinsa kafin Sallah, zai yi fenti ya zuba sababbin ɗalibai.

Na zauna a katifa ina kallon ɗakin. Ashe mutum tara tarkace yake kamar ɓera. Katifa, fanka, tukunyar gas, bokitai, tukwane, takardun lacca har gwiwa. Anwar, abokin zamana, ba shi da damuwa. Gidansu na cikin Gusau, ɗakin ma ya kama ne don ya huta da aiken gida, motar babansa za ta zo ta kwashe nasa. Ni ina zan kai nawa? Ƙauyenmu ba kowa tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Baba da Inna da ƙannena suna cushe a ɗaki ɗaya a Tsafe, sai an naɗe tabarma kafin a buɗe ƙofa.

Ga kuma buhun can rataye a ƙusa. Shi yau ko kallonsa ba na son yi.

Laraba, 22 ga Mayu

Na raba kayan uku. Na sayarwa kusa da ƙofa. Na bayarwa a kusurwar gabas, duka na Saude mai kokon bakin gida ne, matar da ta sha ba ni koko da ƙosai ba ta tambayi ranar biya ba. Na ajiya a akwati, Anwar ya ce akwai wuri a sitonsu.

Buhun ne bai shiga ko ɗaya ba.

Gero ne a ciki, a zangarniyarsa, an barbaɗe shi da toka. Ba na ci ba ne, iri ne. A gidanmu Geron Yelwa ake ce masa, don kakata Yelwa ce ta zo da shi gidan aure. Yana nuna da wuri, kansa dogo, yana da gashi mai tsini da tsuntsu ba ya so. Maƙwabtan da suka taɓa karɓa a wurinmu duk sun warwatse, wanda ya fita da nasa ma ya cinye. Ranar da muka gudu mutane na ɗaukar tukwane da awaki, Baba wannan buhun ya saɓa. Da yunwa ta matsa a Tsafe ya ga yara sun fara kallon buhun da yawa, sai ya hau mota da kansa ya kawo mini nan. "Ɗakin ɗan boko ba a neman hatsi. Aje mini shi har mu koma." Shi ya kafa ƙusar da dutse.

Damina biyu ta wuce ba mu koma ba. Ga ta uku tana haɗa hadari.

Anwar Hajiya Kaka yake kiran buhun, kullum da safe sai ya gaishe ta. Ni kuma kullum sai na ce Allah ya raba ni da ita. Da gaske nake. Sani, ɗan ajinmu na sakandare, yana da shagon waya a Kaduna, ya ce in zo in riƙe masa kafin a kira mu bautar ƙasa. Ni da hauya mun yi sallama tuntuni.

Juma'a, 24 ga Mayu

Fanka ta tafi. Wani ɗan aji biyu ya taya ta kamar yana taya matacciyar kaza, na sallama don na gaji da surutunsa. Yanzu ga ni ina fifita da takardun lacca. Karon farko da suka yi mini amfani.

Asabar, 25 ga Mayu

Na sauke buhun in duba ko ƙwari sun shiga. Ba su shiga ba. Warin tokar nan ya bugi hancina, sai ga rumbunmu a gabana, har da kajin Inna a ƙarƙashi. Na yi maza na ɗaure.

Amma kafin in ɗaure na murje 'yan ƙwayoyi, na sa a jiƙaƙƙen tsumma a cikin faranti, yadda Baba yake yi kafin shuka. Ban san me ya kai ni ba. Hannu ne kawai ya yi abinsa.

Anwar ya ce me nake dafawa. Na ce ba ruwansa.

Talata, 28 ga Mayu

Da ban buɗe tsumman nan ba da na fi samun kwanciyar hankali.

A gida idan Baba ya buɗe nasa, tsiro ne cunkus kamar gashin jariri. Nawa nan da can, kamar gemun Anwar. Mafi yawan ƙwayoyin sun kumbura kawai sun yi shiru. Zafin kwanon ɗakin nan ya dafa shi a hankali, ni ina zaune a ƙarƙashinsa ina haddace abin da zan manta. In ya ƙara shekara a rataye, sunansa abinci. Geron Yelwa ya ƙare ke nan, a hannuna.

To ina ruwana? Ajiya aka ba ni, na ajiye.

Na fita, na dawo, na sake fita. Na je har bakin titi ban sayi komai ba. An ce an yi ruwa wajen Bunguɗu.

Alhamis, 30 ga Mayu, Tsafe

Kafin in fito na nuna wa Anwar kusurwar gabas, na ce duk abin da ke wajen nan ya miƙa wa Saude, kada in dawo in tarar da su.

Hanya lafiya, sai dai ba mai magana a motar. Kowa idonsa a daji har muka shigo gari.

Baba ya rame. Yana zaune a ƙofa yana gyara igiyar da ba ta lalace ba. Na bari ya gama tambayar jarrabawa, sannan na kwance tsumman na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Na ce akwai Kawu Ɗanlami, yayan Inna, a Kekun Waje, gonarsa babba ce, ko gefe ɗaya ya ba mu a zuba bana, a samu sabon iri.

"Mi kaka cewa? In tai roƙon ƙasa wurin surukina?"

Na ce ba roƙo ba ne.

"Wanga gero bai san wata ƙasa ba sai tamu. Ran da ya shiga gonar wani, ran nan na yarda ba mu komawa. Aje shi inda ni ce maka. Baɗi mu koma, in Allah ya so."

Bara ma baɗi ya ce. Ban faɗa ba, amma ya gani a fuskata, ya mayar da kai kan igiyarsa.

Da zan fita sallar la'asar Inna ta biyo ni da buta. Ba ta kalle ni ba, butar take kallo. "Kawunka ya gama sharar gona. Ni dai ban ce maka komi ba."

Haushi nake ji, ban ma san na wa ba.

Asabar, 1 ga Yuni, Gusau

Bari in rubuta.

Na iso da hantsi, ban shiga ɗaki ba na tsaya wurin Saude. Ta tarbe ni da godiya, bokitai, tukwane, Allah ya ba da aiki mai albarka. Ta cika mini kofi ta ce yau ba biya. Na kurɓa, na sake kurɓa. Kokon ya yi wani garɗi da na daɗe ban ji ba, har na ce mata yau kamar a gida. Ta yi dariya.

"Ai naka na. Geron da ka aiko min."

Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Na ruga ɗaki. Ƙusa tana nan tsirara. A saman kusurwar gabas take, ni kuwa da hannu na zagaye wurin duka na ce a bayar.

Na tashi Anwar daga barci da ihu. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya ce, "Kai da bakinka kullum kake roƙon Allah ya raba ka da ita! Na ɗauka taimakonka na yi." Sai na ƙara ɗaga murya.

Sai komawa wurin Saude. Wallahi tafiyar nan ta fi ta Tsafe nisa. Yaya mutum zai ba da abu, a yi masa addu'a, ya sha, sannan ya dawo ya ce a mayar? Na tsaya har masu saye suka ragu. Na fara kame-kame, ta gane kafin in gama. Ta dafe kai. Ita ma daga wajen Wanke ta zo, mijinta manomi ne kafin ya rasu.

"Innalillahi. Iri na dahwa? Na ga toka, raina bai so ba, na tambayi abokinka. Ya ce kai Kaduna za ka, ba ka da gona."

Ba ka da gona. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Ta kai ni gidan da take haya. Ta sussuke fiye da rabi, sauran ta bari don turmin na aro ne, mai shi ta karɓe. Ta miƙo mini buhun da hannu biyu tana ba ni haƙuri, ni ina ba ta haƙuri, muka tsaya kamar wawaye. Buhun da nake saukewa da nishi, yau da yatsa biyu na riƙo shi.

Yau rabin unguwar nan sun karya kumallo da gadon gidanmu. Har da ni, kuma na ce ya yi daɗi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ba ma magana da Anwar. Ya bar gaishe da Hajiya Kaka.

Litinin, 3 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun azahar. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin, na kasa zama, na kasa kwanciya. A gida da yanzu Baba ya fito da sungumi yana tashin kowa da faɗa.

Katifa ta tafi, tukunyar gas ta tafi. Takardun lacca mai ƙosai ta kwashe. Jibi motar su Anwar za ta zo. Siton gidansu siminti ne, ba ɓera, ba yoyo. In sa buhun a can, na bi maganar Baba, na hau motar Kaduna da hannuna wankakke. Ba wanda zai ce na yi laifi. Baɗi a buɗe a tarar da gawa.

Ko kuma in kai Kekun Waje, in karya maganar mutumin da ba abin da ya rage masa sai maganar.

Sani ya kira, wai yaushe. Na ce wannan makon.

Laraba, 5 ga Yuni

Mota ta zo. An loda kayan Anwar, aka sa akwatina da littattafaina. Direban ya miƙo hannu zai karɓi buhun. Na tsaya riƙe da shi kamar an dasa ni. Ya ce, "Malam, da shi ko ba da shi?" Na ce ba da shi.

Anwar ya kalle ni, ya shiga mota. Da motar za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce in zan je wani wuri in gaya masa, yana da bashin Hajiya Kaka a wuyansa.

Alhaji ya ce kada a bar masa komai a bango. Na cire ƙusar da ƙyar, Baba ba ya kafa abu da wasa. Na nemi inda zan jefa ta ban ga kwandon shara ba, shi ma na bayar. Na sa a aljihu.

Ɗaki ya zama fili. Ni, tabarma, jaka, buhu.

Asabar, 8 ga Yuni, Kekun Waje

Jiya muka zo, ni da Anwar, mota zuwa Bunguɗu sannan kabu-kabu. Anwar da farin takalmi ya zo gona. Allah ya shirya.

Kawu Ɗanlami ya zazzage zangarniyar a tabarma, ya shafa gashin da bayan hannu. Ya ce ya san geron nan, ya ci tuwonsa ranar da aka kai Inna ɗaki. Sannan ya ɗago, ya ambaci Baba da sunansa.

"Ummaru ya sani?"

Na ce a'a.

Ya ajiye zangarniyar. Ya ce tsakaninsa da Baba akwai kunya, ba zai so a ce ya bi ta bayan gida ya karɓe abin mutum ba. "Ƙasa ni ba ka, ba ni karɓar iri. Ga gefen can wajen tsamiya. Amma kai ka shuka, kai ka nome. Ɗiyana aikinsu ya ishe su." Na ce ai Kaduna za ni. Ya ce to in mayar da abina buhu.

Na ce zan tsaya har ya tsiro. Iyaka ke nan.

An yi ruwa da asuba, muka fita da safe. Ni da sungumi a gaba, Anwar a baya yana zubawa yana rufewa da farin takalminsa. Na ce ya riƙa zubawa da yawa a kowane rami, tunda yawanci matattu ne. Kafin mu kai tsamiya tafin hannuna ya yi ƙurji, bayana kamar an dake ni. Abin haushi, ƙafafuna ba su manta tazarar ba, su suke auna ramin da kansu.

Wurin da muka shuka bai fi filin masallacin unguwa ba. Buhu ya zama wayam. Na karkaɗe shi a rami na ƙarshe, toka ta tashi. Yanzu ba sauran ko ƙwaya a wani wuri a duniya. In bai fito ba, ni na binne shi.

Anwar ya koma da yamma, takalmin a leda.

Litinin, 10 ga Yuni

Na je Gusau na ba Alhaji makulli. Saude ta ce ya ake ciki, na ce yana ƙasa. Ta ɗaga hannu sama.

Daga bakin titi na kira Baba, don in na koma ɗaki zan fasa. Ɗakin ma babu. Na faɗa masa duka, kokon da shukar, a jere, ban tsaya numfashi ba. Shiru. Ina jin kukan ƙanwata a bayansa, da wata mai tallan awara. Na ce Baba kana ji?

"Na jiya."

Ya kashe.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ya fito. Ba duka ba, akwai ramukan da suka yi shiru, amma ya fito. Siriri kamar allura. Na duba shi da safe, na duba da rana, na koma da yamma kamar wani zai sace. 'Ya'yan Kawu sun fara kirana mai gadin tsamiya.

Na ce har ya tsiro, to ga shi ya tsiro. Bayan Sallah in tafi.

Lahadi, 16 ga Yuni, Tsafe

Sallah. Baba ya amsa gaisuwata kamar yadda yake amsa ta mai karɓar kuɗin wuta. Muka je idi tare, muka dawo tare, ko kalma ɗaya a kan gero. Na yi ta jira ya tambaya, har na shirya amsa kala uku. Inna ce ta kama hannuna za ta zuba mini nama, ta juya tafin ta ga ya fara yin kanta, ta sake ni.

Sani ya turo saƙo: in ba zan zo ba in faɗa, akwai mai so. Ban amsa ba tukuna.

Alhamis, 20 ga Yuni, Kekun Waje

Kayana na zo ɗauka. Ciyawa ta taso, ta fi geron sauri. Na ari hauya na ɗan taɓa gefe ɗaya kawai.

Talata, 25 ga Yuni

Da safe ina tafe gona na hango mutum tsugune wajen tsamiya. Na ɗauka ɓarawo ne ko mai akuya, har na ɗaga murya. Hular na fara ganewa, ta Baba ce.

Bai biya ta gidan Kawu ba. Daga tasha ya tambayi hanya ya zo gonar kai tsaye, takalmansa ajiye a gindin itace. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana cire raunanan tsiro yana barin masu ƙarfi. Wanda ya cire bai yar ba, yana kai su ramukan da suka yi shiru yana dasawa, yana danna ƙasar da babban yatsa. Na tsuguna a layin kusa da shi na kama.

Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Ka zuba da yawa."

Na ce na ji tsoro ne kada ya ƙi fitowa.

"Ni ma shi ya hana ni zuwa."

Muka ci gaba. Da muka kai ƙarshe ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya kalli ɗan filin. Ya ce, "In mun koma gida..." sai ya tsaya. Ya goge hannu a riga. "In ya nuna, kada ka bari kowa ya taɓa na tsakiya. Su ne iri. Da kanka za ka zaɓa, in gwada maka yadda kakarka ta gwada min."

Kawu ya aiko da fura. Baba ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya sha, ya ce a ce ya gode. Da zai tafi ya tsaya suka gaisa da Kawu a bakin hanya, kowa na kallon ƙasa.

Na amsa wa Sani. Na ce ya ba mai so, ni sai an ga yadda ta yiwu. Ba wai na fasa ba ne. Geron nan ba ya daɗewa, kuma kiran bautar ƙasa ma ba yau ba.

Ɗakin samarin da Kawu ya sauke ni babu wurin rataye ko riga. Na laluba aljihun wandona na ji ƙusar nan, na samo dutse na kafa ta. Na ɗan kafa ta sama da yawa, rigar ma sai na yi ɗage nake kaiwa. Ba komai. In an rataye iri, ɓera ba zai kai wurin ba.